Hawa da Sauka: Dattawan Gabi Bisa Babur

Akwai wata magana da ake faɗa game da dattijo a ƙauyukan kudancin Maraɗi, kuma ba a ɗaga murya wajen faɗinta: "Ai Malam yanzu ba ya hawa." Ba a cewa hawan mene ne, kowa ya sani. Wanda ya ji yakan ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Allah sarki, girma ya zo." Ma'anarta daga yau ba za a ƙara ganin mutumin a kasuwar garin gaba ba sai an kai shi, ba zai riski sallar jana'iza ba sai an sami mai ɗauko shi, in kuma 'yarsa ta haihu a wani gari sai ya jira ranar da wani yaro ya sami sarari. Shi ya sa dattawa da yawa suke tura ranar nan gaba iya ƙarfinsu. Mutum ya haura sittin, ya doshi saba'in, gemu fari fat, yana nan bisa babur ɗinsa. Matasa su ce taurin kai ne. Ni kuwa ina ganin kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a san abin da yake riƙe da shi.

Gabi ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Madarunfa, cikin jihar Maraɗi, ta jingina da iyakar Najeriya. A wajenta dajin Baban Rafi yake, wanda dattawan yau ke ba da labarin giwayensa. Kwaltar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Ɗan Isa ta shiga Jibiya da Katsina, ta bar yawancin ƙauyukan nan a gefe. Abin da ya rage musu burji ne inda aka yi sa'a, sai turbar yashi wadda shanu da amalanke suka fitar. Da rani yashi ya kama taya, da damina gulbi ya kawo ruwa ya raba gari da gari. Motar haya kuwa ranar kasuwa take leƙowa, ba ta tashi sai ta cika. A irin wannan ƙasa mai babur ne kaɗai ke da iko da lokacinsa.

Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake, kuma ga dattijo wannan magana aikin kullum ce. Shi ake jira a ɗaurin aure ya bayar ko ya karɓa. Shi ake kira in an yi rikicin iyakar gona, ko shanun makiyaya sun shiga hatsi. In aure ya girgiza a wani gari, shi ke zuwa biko. Yaro zai aika saƙon murya ta waya a ce ya kyauta. Dattijo in bai zo da ƙafarsa ba, ba a lissafa ya zo. Girman da shekaru suka ba shi tafiye-tafiye ya ƙara masa, daidai lokacin da ƙafar ta fara gajiya. Babur ne ya shiga tsakani ya ɗauke mata nauyin. Don haka idan aka ce da shi ya ajiye, abin da kunnensa ke ji shi ne ya ajiye mutanensa.

Kalmar da muke faɗa ma tana da tsohon nauyi. Ba mu cika cewa mutum yana tuƙa babur ba sai ana maganar iyawa. Cewa muke yana hawa. Hawa kuwa, in an faɗe ta ita kaɗai a ƙasar nan, doki take tuna wa mutum. Maraɗi kanta da hawa aka kafa ta. Bayan birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan da aka fitar suka yo arewa, zuriyarsu ta kafu a Maraɗi zamanin Ɗan Kasawa, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar garin. Shekaru da dama dajin da ke tsakanin garuruwan biyu hanyar mahaya ne, musamman zamanin Sarki Ɗan Baskore. Abin da ya rage daga wancan zamani shi ne hawan Sallah, da kuma sabon harshe: mutum na hawa doki, yana hawa gadon sarauta, yana hawa mumbari. Akwai ɗaukaka a ciki, akwai kuma riƙon linzami. Talakan da kakansa bai mallaki abin da ya wuce jaki ba, ranar da ya sayi babur shi ma ya shiga cikin wannan kalma.

Sai dai shigar ba ta daɗe ba. Babur ya fara ne a hannun ma'aikata: malamin makaranta, malamin gona, malamin asibiti, da ɗan kasuwar da ya ci ribar gyaɗa. A wannan gefen iyaka Mobylette ta Faransa aka fi sani. A wancan gefen kuɗin Udoji da aka biya ma'aikatan Najeriya a 1975 suka cika tituna da Honda da Suzuki da Vespa. Manomin ƙauye kuwa hannunsa bai kai ba sai daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000, lokacin da baburan Sin masu sauƙin kuɗi irin su Jincheng da Kasea suka shigo, daga baya Boxer ta Indiya ta biyo. Man Najeriya mai araha da ake sayarwa a kwalba bakin hanya ya ƙarasa aikin. Sana'ar kabu-kabu ta buɗe, kowane ƙauye ya sami bakanikensa da mai facinsa.

A yi lissafi. Mai shekara 70 a yau an haife shi wajen tsakiyar shekarun 1950. Yana saurayi ya ga babur a hannun malamin makaranta, yana magidanci ya sayi nasa. Ke nan dattawan da muke gani yanzu su ne rukunin farko a tarihin karkararmu da tsufa ya iske bisa babur. Ba su ga iyayensu sun hau ba, balle su koyi yadda ake bari. Ga doki al'ada ta tanadi komai: akwai mai riƙe likkafa, akwai zagi a gaba, akwai doki mai sanyin hali da ake ware wa tsoho. Doki kuma yana da idonsa, yana kauce wa rami da kansa, ya san hanyar gida ko mahayi na gyangyaɗi. Babur ba shi da ido sai na mai shi, ba shi da ƙafar tsayawa sai tasa. Mun ba shi sunan hawa da darajar hawa, ladubban tsufa ne ba mu riga mun yi masa ba.

Duk da haka, wanda ya tsaya ya kalli dattijo yana shirin fita zai ga abin koyo. Ba da makulli yake farawa ba. Sai ya danna tayar gaba da babban yatsa, ya danna ta baya, ya girgiza tanki ya kasa kunne, domin allurar da ke nuna mai ta daɗe da mutuwa, motsin ruwan ne ke faɗa masa ko zai kai ko sai ya ƙara kwalba. Ya tattare babbar riga ya cusa ƙarƙashin cinya, don ya san abin da sarƙa ke yi wa tufa mai lilo. Ya danne hula, ya yi bisimilla da addu'ar hawa, sannan ya buga kik sau ɗaya da nauyin jikinsa. In inji ya kama, ya bar shi ya ɗumama yana amsa gaisuwar maƙwabci.

A cikin yashi ake gane bambanci. Yaro yakan shiga da gudu, kan babur ya fara rawa, ya firgita ya damƙe birkin gaba, sai ƙasa. Dattijo tun daga nesa ya rage giya, ya ɗan ja baya bisa kujera, ya sassauta hannu ya bar kan ya nemi hanyarsa, wuta ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba, ƙafafu a shirye. Ya san inda mashigin gulbi yake da ƙasa mai tauri da inda yake haɗiye taya. Ya san lokacin da garke ke dawowa daga kiwo ya tare hanya, ya san kwanar da yara ke ɓullowa da gudu in an tashi makarantar allo. Babur ɗin ma ya tsufa tare da shi, an ɗaure nan da roba, an kama can da waya, wani in ya buga ba zai tashi ba. Tsohon doki sai mai shi. Wannan ilmi ne na gaske, kuma sau da yawa shi ke kai tsoho gida lafiya a hanyar da ta kwantar da samari.

Amma jiki magayi. Shekarun da suka ba shi sanin hanya su ne suke karɓe kayan aikin da ake bin hanyar da su, a hankali, yadda mai jikin ba ya lura. Ido ne kan gaba. Yanar ido tana watsa haske, fitilar da ta taho daga gaba bayan magariba ta rufe komai, mutum ya yi 'yan daƙiƙu yana tafiya a makance. Hawan jinin ido ya fi ta haɗari, domin yawanci ba ya ciwo, daga gefe yake fara cin gani: mutum na ganin hanya sarai a gabansa, akuyar da ta fito daga dama ce ba ya gani. Wuya ya yi tauri, waiwaye ya zama aiki. Kunne ya rage, motar da ke baya sai ta matso ake jin ta. Tsakanin ganin rami da taka birki an sami ɗan jinkirin da babu shi a da. Gwiwar da za ta tokare ƙasa in an tsaya da buhun gero a baya ta fara ba da kai. Ga hawan jini da ciwon suga masu kawo jiri ba sallama, balle a zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Maraɗi, balle da azumi a baki.

Faɗuwar ma ba ɗaya ba ce. Abin da saurayi zai tashi ya kakkaɓe riga ya wuce, shi zai karya wa tsoho ƙugu. Maɗorin gargajiya na iya haɗa hannu ko ƙauri, amma karayar ƙugu aikin babban asibiti ce, kuma kafin a kai can sai an sake bin hanyar da ta kayar da shi. Doguwar kwanciya kuwa ita ke buɗe wa sauran cututtuka ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa asara, ko da yake ita ce mafi ƙarancin ababen hawa. Tsohon da ke cewa "shekara talatin ina bin hanyar nan" gaskiya ya faɗa. Hanyar tana nan yadda ya san ta. Idon da ke bin ta ne ya sauya.

A nan maganar hular kwano take shigowa. Dattawa da yawa suna ƙin ta alhali sun san amfaninta. Gani suke tana rage kamala, mutum da gemunsa ya cire hula ko rawani ya kifa kwano a ka. Ina girmama wannan ji, amma tarihin ƙasar nan bai bi bayansa ba. Barden da ya fita daga Maraɗi zamanin yaƙi yakan sa kwalkwali a ka, sulke a jiki, ya lulluɓe dokinsa da lifidi, kuma babu mai ce masa matsoraci. Mahayi ya kare kansa, wannan tsohuwar ƙa'ida ce. Hula a sa ta a aljihu, in an sauka a ƙofar masallaci a mayar da ita. Kan da gari ke zuwa neman shawara a wurinsa ya cancanci a tsare shi.

Inda ciwon yake sosai kuwa, wurin goyo ne. Uwa ke goyo, da zane da majanyi. Masara in ta fitar da ɗa, goyo ta yi. Wanda ya tsaya maka, goyon baya ya ba ka. Da babur ya zo ba a nemi sabuwar kalma ba, aka ce na gaba ya goya na baya. Dattijon nan ya yi shekaru yana goyo. Ya goya matarsa da tsakar dare tana naƙuda, an ɗaure ta a jikinsa da zane don kada ta zame. Ya goya yara uku zuwa makaranta, ƙaramin bisa tanki. Ya goya buhun wake, ya goya ragon layya, ya goya maƙwabcin da maciji ya sara. A harshenmu mai goyo shi ne babba, ɗan goyo shi ne ƙarami. To yau an ce ya koma baya, ya dafa kafaɗar yaron da shi ya koya wa taka birki. Kujerar baya ba ta da wuyar zama. Abin da ke da wuya shi ne maganar da za ta fita daga bakinsa kafin a zauna: "Wane, ko za ka kai ni?" Mutumin da ya saba a roƙe shi, yanzu shi ke roƙo, kuma a cikin gidansa.

Zamani ma ya matse shi. Abin hawan da ya ɗauke wa talaka wahala shi 'yan bindiga suka mayar nasu, uku-uku bisa ɗaya, suna fitowa daga dazuzzukan da suka haɗa Zamfara da Katsina da kudancin Maraɗi, su kore shanu, su ɗauki mutane don kuɗin fansa. Ƙauyukan Gabi da maƙwabtansu sun ɗanɗana wannan a shekarun nan. Ƙarar da a da ke nufin baƙo ya iso, yanzu in an ji ta da dare daga wajen daji sai gaban kowa ya faɗi. Hukumomi a wurare da dama sun huce a kan babur ɗin kansa: Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, an hana hawa a jihar Diffa a 2015, a sassan Tillaberi a 2020, Zamfara da Katsina suka taƙaita a 2021. Kowa ya ga abin da ke biyo baya in an raba karkara da babur: mara lafiya ya kwana a gida, kasuwa ta mutu, tsoho ya zauna. Ga kuma mai. Tun da Najeriya ta janye tallafi a Mayun 2023, kwalbar da ake saye ba tunani ta zama abin lissafi. Dattijon Gabi da ke hawa a yau da rana yake hawa, a hanyar da aka san shi, da man da ya ƙidaya. An riga an rage masa fili, shi ya sa yake damƙe ragowar.

A wasu ƙasashe hukuma ce ke sa ido kan tsufan mai tuƙi. A Ingila in mutum ya kai 70 sai ya riƙa sabunta lasinsa duk shekara uku. A Japan mai shekara 75 sai an gwada tunaninsa kafin a sabunta masa. A karkararmu babu ofishin da zai kira tsoho gwajin ido, aikin yana wuyan gida. Gida kuwa yana da kunyarsa. Ɗa ba ya duban tsabar idon mahaifinsa ya ce masa ganinka ya ragu, balle ɗan fari wanda ko sunansa uban ba ya kamawa. Sai a bi ta ɓoye: a ɓatar da makulli, a cire fulogi a ce babur ya lalace, a haɗa baki da bakanike ya ce babu kayan gyara, ko a sayar ranar da tsoho ya yi tafiya. Niyyar ta kirki ce, hanyar ce ba ta da kyau. Mutumin da ya san ƙarar injinsa shekara da shekaru ba a yi masa ƙaryar fulogi. Zai gane, zai yi shiru, shirun kuma zai zauna tsakaninsa da 'ya'yansa.

Alhali al'ada ta ba mu bakunan da za su iya faɗa. Akwai jika, wanda wasa ya halatta masa ya ce, "Tsoho, jiya ka wuce ni a bakin rijiya ina ɗaga maka hannu ba ka gan ni ba," a yi dariya, saƙo kuma ya isa. Akwai aminin ƙuruciya, mai iya cewa, "Malam, ni ma na bar tafiyar dare, mu bar wa yara." Akwai liman, akwai yaya mace wadda maganarta ke shiga inda ta ɗa ba ta shiga. Akwai malamin asibiti, wanda in ya auna ya faɗa ba a ɗauka raini ne.

Kuma ba dole a yi abin rana ɗaya ba. Akwai mai 75 da idonsa garau, akwai mai 55 da nasa ya riga ya dushe. Ma'auni shi ne ido da kunne da gwiwa da natsuwar kai. Abu na farko a kai shi a duba idon. Sau da yawa yanar ido ce, aikin cire ta kuwa gajere ne, mutum ya dawo yana ganin abin da ya yi shekaru bai gani ba. In hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma magani na tsare ragowar. A auna jini, a auna suga. Sannan a riƙa ragewa daki-daki: a bar tafiyar bayan magariba, a bar kwalta inda manyan motoci ke gudu, a bar goyo da kaya masu nauyi, a bar tsallaka gulbi da damina. A sauya babban babur da ƙarami mara nauyi mai tashi da maɓalli, wanda ƙafa biyu ke taka ƙasa in an zauna. Da haka mutum kan ƙara shekaru yana zuwa gonarsa da masallacin Juma'a da kansa, kuma kowane mataki da shawararsa aka ɗauke shi.

Ranar bari dai za ta zo, kuma kalmar da muke da ita domin ranar mai daraja ce. Almajirin da ya kai ƙarshen Alƙur'ani sauka ya yi, har a tara jama'a a yi walima. Mai ciki in ta haihu cewa ake ta sauka lafiya. Baƙo yana sauka a gidan mutunci a ba shi masauki. Alhaji ya sauke farali, mai amana ya sauke nauyi. Matafiyi ma ba a yi masa addu'ar ya daɗe bisa abin hawa. Allah ya sauke ka lafiya ake ce masa. Duk hawa domin sauka ake yin sa. Abin gudu biyu ne: faɗuwa, da a sauke mutum ba da sonsa ba. Na farko jinkirin mai hawa ke jawo shi, na biyu gaggawar iyali. Tsakaninsu akwai hanya ta uku, mutum ya miƙa linzami da hannunsa tun yana da sauran ƙarfi, ya zaɓi wanda zai ba. Dattijon da ya kira jikansa ya ce, "Ungo makullin nan, daga yau kai ne ƙafata," bai rasa komai na girmansa ba, domin shi ya yanke, kuma sanin lokacin yankewa yana cikin dattaku.

Sai dai wanda ya karɓi makulli ya sani bashi ya karɓa. Ba a ce wa uba ya sauka sannan a bar shi a zaure yana kallon masu wucewa. Suratul Isra'i ta ambaci iyaye daidai lokacin da tsufa ya riske su a hannun ɗa, ta hana nuna musu ko alamar ƙosawa. A karkarar yau wani babban kaso na wannan umarni bisa kujerar babur ake cika shi. Yaro ya riga uban magana, tun da safe ya durƙusa ya ce, "Baba, akwai inda za mu yau?" don kada roƙo ya fita daga bakin babba. Ya zuba mai ba tare da ya ambaci kuɗinsa ba. Ya tsayar da babur kusa da dakali don hawa ya yi sauƙi. Ya yi tafiya da saurin da tsoho ke so. In sun isa gidan gaisuwa ya jira, kada ya riƙa leƙowa yana duba waya. Babur ɗin kuma a ci gaba da kiransa na Baba, ko da an shekara bai taɓa kansa ba. In an yi haka yaron ma riba yake ci, domin daga bayansa ake ce masa, "Rage nan, akwai yashi," "Bi ta hagun tsamiyar can," "Tsaya mu gaida mutanen nan, dangin kakarka ne." A tafiya ɗaya ya koyi hanya, ya koyi dangi.

Wannan ladabi ba ya cikin abin da muka gada, domin kakanninmu ba su san babur ba. Yanzu ake kafa shi, gida-gida, a Gabi da Safo da Ɗan Isa da duk inda kwalta ba ta kai ba. Samarin da ke kabu-kabu a yau, masu shekara 25, za su cika 70 wajen 2070, da idon da ƙura ta daɗe tana duka, da bayan da ramuka suka jijjiga fiye da na iyayensu. Abin da suka mayar al'ada a kan dattawan yau shi za su tarar an shimfiɗa musu. Ina so su tarar da ƙasa inda tsoho ke hawa muddin idonsa da ƙafarsa sun yarda, ba mai yi masa gori. Inda yake sauka da bakinsa in lokaci ya yi. Inda kuma saukarsa ba ta rage ko gari ɗaya daga cikin garuruwan da yake da dangi ba.